Kawu, Sun Sa Na Cire Sunanka

Zuwa ga Kawuna, Malam Modu masunci,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga wanda ya rene shi, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Damina uku ke nan da muka raka ka. Iya tana nan lafiya, sai gwiwar nan da ka sani. Ruwa ya zo bana da ƙarfi, amma bai shiga gida ba.

Na san ko da kana raye ba ka karanta boko, balle yanzu. Duk da haka zan rubuta, kuma zan sa a inda jama'a za su gani, domin daga Guri har Haɗejiya ana ta yi da ni, wai na yi karatu na raina wanda ya rene ni, har na goge sunansa. Gara su ji daga bakina. Kai ma ka ji tare da su, don kai ne mai haƙƙin.

Ka fi ni sanin yadda na zo hannunka. Ni ne ɗan farin ƙanwarka, kunya ba ta barinta ko sunana ta kira. Da lokacin yaye ya yi aka goya ni a bayan matarka Iya, aka ce in yi kwana bakwai a gidanku in manta nono. Kwana bakwan nan ne har yau ba su ƙare ba. Allah bai ba ku haihuwa ba, mahaifina, marigayi Malam Adamu, ya ce a bar muku ni. Ba a je gaban alƙali ba, ba a rubuta komai ba. Dangi sun gani, sun sa albarka, aka sha kunu aka watse.

Ranar da ka kai ni makaranta ina tuna ta. Hedimasta yana zaune a gindin darbejiya da babban littafi, ya ce in ɗora hannu ta saman kai in taɓa kunne. Na taɓa. Ya ɗago ya tambaye ka sunan uban yaro. Kai ka riƙo hannuna, kai za a nema idan na yi laifi, kai za ka ɗinka mini rigar makaranta, sai ka ba da naka. Ya rubuta Isiyaku Modu. Da sunan nan na yi firamare, da shi na yi sakandare, da shi na fito jami'a. Ba wanda ya taɓa ganin abin magana a ciki, tunda rabin ajinmu ma haka suke, wani sunan kakansa, wani na yayansa.

Amma kai ba ka taɓa ɓoye mini komai ba. Duk sallah kana tasa ni gaba zuwa gidan mahaifina, ka tsaya a zaure ka ce, “Shiga ka gai da ubanka. Ni amana aka ba ni.”

A cikin kwale-kwalenka na fara sanin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye mana ruwa. Ka nuna mini inda kake jefa koma kana saurayi, ya zama dajin ciyawa, ko ƙadangare ba zai ratsa ba. Ta toshe hanyar ruwa, ruwan ya bar fadamar da yake shayarwa ya koma cikin gonakin mutane, tsuntsayen jan-baki suka yi gida a cikinta suna fitowa su kwashe shinkafa. Kowace shekara kuna yin gayya da lauje, ruwa har ƙirji, ku fito ƙafa duk yanka, kafin wata biyu ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Wata rana ka jefa laujen cikin jirgi ka ce, “Isiyaku, mu mun yi da hannu mun gaji. Ka je ka karanto mana ita.”

To, na je, Kawu. Bayan rasuwarka ina koyarwa a wata sakandare a Haɗejiya sai na ga sanarwar wata gidauniya ta ƙasar waje, mai ɗaukar nauyin ɗalibai irinmu su je su yi digiri na biyu. Na nema a kan kacala. Sun yi mini tambayoyi ta waya, muna ganin juna, su uku ni ɗaya. Abin da ka koya mini a jirgi na zuba musu, yadda ruwa ke sauya hanya, da watan da ciyawar ke yin ƙarfi, da inda ba ta iya tsirowa. Wata farfesa mai furfura ta riƙa rubutawa da sauri kamar ni ne malamin. Suka ɗauke ni. Ranar da na kai wa Iya labari ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu.

Sai aka zo maganar fasfo.

Shekarun baya, da za a yi mini takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, sai da mai unguwa ya sa hannu. Shi kuwa tare suka yi wasan ƙasa da mahaifina, ya san asalina tun daga kakanni. Ya ce a rubuta Isiyaku Adamu, don shi ba zai shaidi abin da ba haka ba. Gaskiyarsa ce. Daga takardar nan aka yi mini katin ɗan ƙasa, daga katin aka yi fasfo. Ni kuma wauta ta hana ni kula. A garinmu wa bai san Isiyaku ɗan Adamu riƙon Modu ba?

Masu gidauniyar ba su sani ba, kuma ba su so su sani ba. Saƙo ya zo cewa takardun makaranta na mutum ɗaya ne, fasfo na wani ne, an dakatar da gurbina, an ba ni mako biyu in wanke kaina. In wanke kaina, Kawu! Kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Na zauna na rubuta musu bayani shafi biyu, yadda riƙo yake a wurinmu. Amsarsu layi ɗaya ce: in turo takardar kotu da ta nuna an mallaka maka ni. Wace kotu? Zanin goyon Iya zan tura musu, ko ƙwaryar kunun? Mutanen da suka ce suna neman ɗalibai daga ƙauyukan duniya, suka cika sanarwarsu da hotunan yara a bakin rafi, amma a fom ɗinsu babu ko ɗan gurbi ɗaya na wanda ya reni yaro. Suna son labarinmu ya yi daɗin ji, ba sa son ya zo da yadda muke rayuwa.

Wanda ya fi ƙona mini rai ma namu ne. Na hau mota na je ofishin wakilinsu a birni. Na tarar da wani ɗan'uwanmu Bahaushe, da hularsa da carbinsa, wanda na rantse a gidansu ma akwai ɗan riƙo. Ya jera takarduna a tebur, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Malam, faɗa mini tsakani da Allah, shi wannan Modun nawa ka ba shi ya zauna maka jarrabawa?” Kai, Kawu. Kai da ko alƙalami ba ka iya riƙewa ba, kai da ka sayar da kifin banda a ƙarƙashin rana don in zauna a aji. Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Tarbiyyarka ce kawai ta mayar da ni kan kujera.

Wakilin ya ce mafita ɗaya ce, rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida. A ƙofar kotun akwai masu buga takardu a ƙarƙashin laima. Wani dattijo a cikinsu ya ji bayanina, ya tausaya, ya ce in rantse kawai cewa kai ne mahaifina, mai unguwa ne ya yi kuskure, hakan ya fi sauri, tunda ku biyun duk kun rasu wa zai tona. Na tsaya na daɗe a gaban teburinsa. Na so in yi, ba zan ɓoye maka ba. Amma sai na riƙa ganinka a zauren nan kana tura ƙeyata ciki. Kai da ka yi shekara ashirin kana nuna mini ƙofar ubana, ta yaya zan ɗora hannu a kan Alƙur'ani in ce kai ne?

Na shiga na faɗi gaskiya. A gaban mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba, na ce Modu ba mahaifina ba ne. Sunan da ko a gida ba na iya furtawa saboda nauyinka, ranar na furta shi da ƙarfi, don a cire shi. Jarida ta buga: wanda a da aka sani da Isiyaku Modu, daga yau Isiyaku Adamu ne.

Ka san abin da ya biyo baya? Kafin jami'ar da na gama ta sa hatimi a kan gyaran, mako biyun sun wuce da kwana huɗu. Na roƙi ƙarin lokaci, na tura rantsuwar, na tura jaridar. Suka amsa cikin ladabi irin nasu mai sanyi, cewa sun ba wani gurbin, suna yi mini fatan alheri. Sun sa na cire ka, sannan suka rufe ƙofa. Ban samu karatun ba, ban tsira da sunan ba.

Jaridar kuma ta fi ni saurin isa Guri. Wani ya ɗauki hotonta a waya, ranar kasuwa aka nuna wa Iya tana gaban tiren kifinta, aka karanta mata a bainar jama'a. Da na je na same ta a tsakar gida tana gyaran shinkafa, ba ta ɗago ba. Na durƙusa na yi mata bayani tun daga hedimasta har mai laima. Ta ture shinkafar gefe. Can ta ce, “Da ka rantse a kan ƙarya, da shi ne kawunka ba zai yafe maka ba. Tashi ka ci abinci. Ciyawar tana nan ai, ba ta je ko'ina ba.”

Tana nan kuwa, Kawu. Bana ta rufe mashigin da kake ɗaure jirgi.

Na yi fushi, har yanzu ina ciki, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma an sake buɗe neman tallafin, na sake cikewa. Yanzu takarduna duk sun zama na mutum ɗaya, yadda suke so. Sai dai akwai wurin da suke cewa mai nema ya bayyana abin da ya sa yake son wannan karatun. Bara na cika shi da manyan kalmomi don in burge su. Bana da sunanka na fara. Na rubuta musu cewa malamina na farko masunci ne, Modu, bai haife ni ba, babu kotun da ta ba shi ni, shi ya rene ni, shi ya aike ni, kuma aiken ne ban isar ba tukuna. In sun ga dama su ɗauke ni, in sun ga dama su bari. Amma kafin su kai ga nawa sunan, sai sun karanta naka.

Ka yafe mini abin da na faɗa a kotu. Bakina ne ya faɗa, kuma gaskiya ce, amma ba ita ce duka gaskiyar ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da mahaifina a inuwa ɗaya. Ya saka maka da abin da ya fi riƙon da ka yi mini. Ya ba ni ikon dawowa da saƙon da ka aike ni, tun Iya tana da ran gani.

Wassalam,

Naka har abada,
Isiyaku, riƙon Modu