Shukar da aka fasa wa babana kai a kanta

Salamu alaikum 'yan uwa, adimin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ni mace ce, 'yar wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa. Ina yarinya lokacin babban fari, babana ya dawo daga Maraɗi inda ya yi aikin lambu, ya zo da wata shuka mai yaɗo, ganyenta kore ne amma gefensa fari kamar an shafa nono. Ba ta 'ya'ya, ba a cin ta, ado ce kawai. Ba ta son rana, kuma in inuwa ta yi yawa farin ya ɓace, don haka bakin rumfa ya ajiye ta cikin tsohuwar tukunya. Bisa kanta yake alwala, ruwan da take sha ke nan.

A shekarar rijiyarmu ta koma taɓo, mata na dambe kan guga. Maƙwabcinmu, bari in kira shi Tanko, sa biyu suka mutu mashi. Ran da na biyun ya faɗi ya leƙo gidanmu ya ga ɗanyen ganye, ya ce babana na da ruwa ɓoye yana ba ciyawa dabbobin mutane na mutuwa. Baba ya rantse mashi, bai saurara ba. Ya ɗauki taɓarya ya farfasa tukunyar, baba ya duƙa zai tare, Tanko ya sauke mashi ita a ƙeya. Ina tsaye, jini har ƙafata. Ya ƙara mashi a kafaɗa bayan ya faɗi. Ba wanda ya kira jandarma, kowa na ta cikinsa. Baba ya rayu amma bai ƙara gane sunayenmu ba, kafin damina ya rasu. Aka ce ciwo ne, muka bar garin.

Na tsinci reshe guda na shukar cikin fasasshiyar tukunyar na dasa. Har yau tana gidana a Gazawa, in ta tsufa in yanki wani in sa a ruwa ya yi saiwa.

To yanzu ɗana na fari ya kawo yarinyar da yake so, mai hankali, na so ta tun gaisuwar farko. Da aka bincika asali, ashe jikar Tanko ce. Yana nan da rai, kuma shi zai ba da aurenta. Ɗana bai san komai ba, ga shi da zafin zuciya, bara ya karya hannun wani a tashar kabu-kabu kan zagi kawai. In na faɗa mashi ina tsoron ya ɗauki adda ya nufi tsohon. In na yi shiru sai na durƙusa gaban mutumin nan na gaishe shi a matsayin suruki.

Yarinyar ba ta yi mani komai ba. Jiya ma ta ga shukar ta ce, "Inna, ki yankar mani wannan in dasa a gidanmu," na ce mata sai wani lokaci, na shiga ɗaki na kasa fitowa.

In hana auren ba dalili, in faɗi gaskiya, ko in mutu da ita a cikina? Me za ku yi in ku ne?