Gilashin Motata Ya Haɗa Ni da Malamina

Zuwa ga Mushe Shef, wato shugaban Garejin Bakin Gada, Garwa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ni ne dillalin shanun nan na Rumde Ajiya, mai baƙar motar da ake sauke gilashinta da maɓalli. Albishirinka, na gano ciwon gilashin! Ina murna, amma ƙarata tana nan.

Na ɗaya. Na kawo muku motar saboda gilashin gefena yana sauka kamar tsohon sa a hawa. Yaranka ba su ko buɗe ƙofar ba, suka ce ƙaramin injin da ke jan gilashin ya mutu, sai an aiko da sabo daga Duwala. Suka cusa baƙin giris a robar da gilashin ke bi, suka sallame ni.

Na biyu. Da na dawo daga Maiganga, jar ƙasar hanya ta haɗu da giris ɗin ta zama kwaɓaɓɓiyar laka. Ranar Juma'a, a cunkoson kasuwa, Modibbo Hamadu, wanda ya koya mini karatun allo, ya zo daidai tagata ya yi mini sallama. Na danna maɓalli, na danna, gilashi sai kuka. Na amsa daga ciki, bai ji ba. Abin da ya gani shi ne ɗalibinsa a bayan gilashi yana ɗaga masa hannu kamar Bature. Tun ranar bai sake taka ƙofar gidana ba, ga shi shi ne mai yi mini addu'a kafin kowace tafiya. Abin yana ci mini rai.

Na uku. Shekaranjiya ina wanke motar, ruwan sabulu ya zurara cikin robar. Na taɓa maɓalli, sai gilashi ya yi ƙasa fuu! Na kankare lakar da tsinke da tsumma, na goga busasshen sabulu. Wallahi na tsaya ina sauke shi ina ɗagawa har maƙwabta suka taru. Injin nan lafiyarsa ƙalau, Mushe Shef!

Roƙona shi ne a soke saƙon Duwala, a kuma hana yaranka taɓa robar taga da giris. Babban roƙon kuwa, ka sa rigarka ka raka ni zauren Modibbo, ka faɗa masa da bakinka cewa gilashin ne ya ƙi sauka. Jiya na je ni kaɗai, na nuna masa yadda yake sauka yanzu. Ya kalla, ya ga yana sauka lafiya, ya ci gaba da karatunsa. Gyaran da na yi ya zama shaida a kaina.

Allah ya yi wa garejinka albarka, ya ba yaranka haƙurin buɗe ƙofa kafin su yanke hukunci. Ina jiranka bayan la'asar.

Wassalam.
Alhaji Sali mai shanu, Rumde Ajiya.