Jelar Rigar Orrin Tamblyn

Chassell, 3 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga Mista Orrin Tamblyn,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ba ka san ni ba. Sunana Verna Koskela, ni ke tuƙa motar 'yan makaranta a nan Chassell, kuma wani abu naka ne ya faɗo hannuna.

Maigidana Arvo ya rasu a watan Afrilu. Shekara talatin da ɗaya, duk ranar sha biyar ga Nuwamba da ake buɗe farautar barewa, ni ke naɗe masa fasti, gasasshen burodin nan mai nama da dankali a ciki, ya tafi bukkarsu ta daji da ƙannensa. Bana ƙannen suka ce wurin kwanansa ba zai zauna babu kowa ba, in zo in maye gurbinsa. Na ce to. Sai dai bindigar Arvo ta fi ƙarfina, in na harba ta kafaɗata kan yi kwana uku tana tsine mini. Shi ya sa ranar Asabar na je shagon Rudy Gervais, mutumin da lasisinsa na sayar da bindigogi ke manne a bango tun kafin in yi aure, na cike takardun gwamnati, na sayi wata tsohuwar bindiga marar nauyi.

Hannuna gajere ne, don haka na ɗauko zarto zan rage katakon gindinta. Da na kwance farantin ƙarfen da ya rufe gindin sai ga rami, a cikin ramin kuma takarda a naɗe kamar sigari. An rubuta: "Ta Orrin Tamblyn ce, Ishpeming. Babana ya ba ni, Nuwamba 1938." A ƙasa kuma jerin shekaru ne, kowace da barewarta, har zuwa 1989. Na ajiye zarton, na nemo sunanka a littafin lambobin waya.

Na san mutum kan sayar da bindiga ya manta da abin da ya ɓoye a cikinta. Ga takardar nan na haɗo maka da wasiƙar.

Ka sa ni a addu'a. Jelar rigar Arvo guda bakwai ce a kafe a bangon bukkar, ka fi ni sanin cewa duk wanda ya harba ya kuskure sai an yanke masa ita. Ƙaninsa Toivo har ya wasa almakashi, wai ni yake jira.

Ka huta lafiya.
Verna Koskela

Ishpeming, 6 ga Oktoba

Misis Koskela,

Na amsa gaisuwarki, ina kuma yi miki ta'aziyyar maigidanki. Matata Mabel ta riga ni shekara shida ke nan, na san yadda gida ke komawa.

Na daɗe zaune da takardar nan a kan teburi. Ban sayar da bindigar ba. Sace ta aka yi a bukkata cikin watan Fabrairun 1990.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa fastonmu ba, wataƙila don ba mu san juna ba. Ranar da na je na tarar babu ita, ƙofar bukkar lafiya lau take, koren fentin da Mabel ta shafa mata ko ƙwarzane babu, kwaɗon kuma a kulle. Makulli yana inda yake kullum, cikin gwangwanin kofi a rumfar itace. Mu uku muka san wurin: ni, da Mabel da ke kabari, da ɗana Wendell. A lokacin an sallame shi daga mahaƙar ƙarfe, kuma yana shan giya kamar an aiko shi.

Da ya zo cin abinci ranar Lahadi na ce, "Ina bindigar kakanka?"

Ya ce, "Baba, ni kake tambaya?"

Na ce, "Kai nake tambaya. Kwalba ba ta sayen kanta."

Ya ajiye cokali, ya ɗauki hularsa, ya fita. Bai buga ƙofa ba, a hankali ya ja ta. Tun ranar ban ƙara jin muryarsa ba. An ce ya bar giya, yana aiki a masana'antar takarda a Escanaba, har ya sami 'ya mace. Hotonta kawai na gani a hannun wata mata a coci.

Ban kai ƙara ba, don uba ba ya ɗaure ɗansa da hannunsa. Yanzu in kika je wurin hukuma za su bi sawun lambar da ke jikin ƙarfen, hannu zuwa hannu, har su tsaya a ƙofar gidansa, gaban matarsa da 'yarsa. Saboda haka ina roƙonki, ki riƙe bindigar, na bar miki ita halak malak, ki kuma riƙe bakinki. Abu ɗaya na hana: kada ki kusance ta da zarto. Ki sa riga marar kauri, hannunki zai kai.

Bindigar nan ba ta ƙarya. Shekara hamsin ina farauta da ita, ba a taɓa yanke mini jelar riga ba.

Naki cikin girmamawa,
O. Tamblyn

Ƙarin magana: tunda sunanki Koskela irin na mutanen ƙasar Finlan ne, na tabbata kina zuba karas a fasti. Allah ya shirye ku, 'yan Finlan.

Chassell, 11 ga Oktoba

Mista Tamblyn,

Ina gaisuwa, na kuma gode da amanar da ka ba ni. Sau uku na karanta wasiƙarka.

Ba zan iya abin da ka roƙa ba. Ranar da na saye ta ban sani ba, ba ni da laifi. Yau na sani, kuma wanda ya ajiye bindigar sata yana sane, doka ba ta tambayarsa ko tsoho ne mai kirki ya roƙe shi. Yara arba'in da biyu nake ɗauka kowace safiya, iyayensu sun yarda da ni.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba, maganar makullin ce. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci muna shan kofi, na ce wa Toivo, "Kai, ina kuke ajiye makullin bukka?"

Ya ce, "Cikin gwangwanin kofi a rumfar itace mana. Ina kike so mu ajiye shi, banki?"

Tsoho Reino Maki da ke gefe ya ce, "A'a, Toivo, ashe ka san inda nawa yake?"

Na bi maza biyar da ke teburin ɗaya bayan ɗaya. Huɗu gwangwanin kofi. Na biyar ya ɗaga hanci ya ce shi ba sakarai ba ne, nasa a kan ƙusa yake, bayan gwangwanin. Kowannensu kuma ya rantse mini daga shi sai iyalinsa suka san wurin.

Mista Tamblyn, ba mutum uku suka san sirrinka ba, duk mai bukka daga nan har iyakar jihar Wisconsin ya san shi. Ban ce Wendell bai ɗauka ba, ban san shi ba. Na ce dai kai ma ba ka sani ba. Kana gudun kada alƙali ya ɗaure shi, alhali kai ka yanke masa shekara huɗu ba tare da ka ji ta bakinsa ba.

Ranar Litinin in na sauke yara zan kai ta ofishin 'yan sandan gunduma. Na rubuto da wuri ne don kada ka ji a bakin wani.

Karas kuwa ina zubawa, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da saura.

Taka,
Verna Koskela

Ishpeming, 13 ga Oktoba

Misis Koskela,

Na gaishe ki, don haka aka koya mini.

Na buɗe miki cikina, ke kuma za ki kai shi ofis. In suka taɓa yaron nan, ki sani ke ce. Da na sani da na ce sayar da ita na yi, da yanzu kin yanke gindinta kowa ya huta.

Kada ki ƙara rubuto mini.

O. Tamblyn

Chassell, 26 ga Oktoba

Orrin,

Ina kwana. Ka ce kada in rubuto, ga shi na rubuto. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Na fara biyawa ta wurin Rudy, don bai kamata 'yan sanda su faɗo masa ba labari ba. Da na gaya masa sai da ya dafa kantar shagon. Ya ce, "Verna, shekara talatin da shida ban taɓa sayar da kayan sata ba." Na ce, "To, ka fara da ni, sai ka yi alfahari." Bai yi dariya ba. Ya ɗauko littafin da doka ta ce ya rubuta kowace bindiga da inda ta fito, ya rufe shagon, muka tafi tare. Ba laifinsa ba ne. Abin da ba a kai ƙararsa ba, ba ya cikin jerin kayan sata na kowa.

'Yar sandan da ta karɓi maganar, Jolene Mattila, na taɓa ɗaukarta a motata tana aji uku. Kwana takwas ta yi tana buga waya. Ba zan ɓoye maka ba, kwanakin nan ko abinci ba ya yi mini daɗi, ina ta tunanin in ta kira ta ce Wendell, da wane ido zan dube ka.

Jiya ta kira. Rudy ya sayo bindigar daga wani shago a Wisconsin. Shagon kuma ya karɓe ta a watan Maris na 1990 daga hannun wani Duane Sprecher, wanda ke kurkuku tun 1991 saboda satar bukkokin farauta a gunduma uku. Bukka ashirin da biyu ya amsa ya shiga, kuma bai fasa ƙofa ko ɗaya ba. Jolene ta karanto mini abin da ya gaya wa masu bincike: "Me zai sa in wahalar da kafaɗata? Gwangwanin kofi nake nema."

A cikin jerin nasa akwai guda ɗaya da ba a taɓa samun mai ita ba: bukka mai koriyar ƙofa kudu da Ishpeming, inda ya ɗauki bindiga ɗaya da fitilar kananzir. Sun jira mai ita ya zo, bai zo ba.

Sunan Wendell bai fito a ko'ina ba.

Bindigar tana ofishinsu, sai ka zo da kanka ka sa hannu. Rudy ya musanya mini da wata, gajeriya, mummuna, daidai hannuna. Kada ka damu da ni.

Daga gidanka zuwa Escanaba bai kai tafiyar awa biyu ba, kuma har yanzu dusar ƙanƙara ba ta rufe hanya ba. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Taka,
Verna

Ishpeming, 31 ga Oktoba

Verna,

Barka da war haka. Ki yafe mini wasiƙar da ta gabata. Mabel kan ce bakina ya fi hankalina sauri.

Na je na karɓo bindigar. Fitilar kuwa, shekara huɗu ina zaton ni na manta inda na ajiye ta.

Sau biyar na fara rubuta wa Wendell, duka biyar suna cikin murhu. Ranar Asabar na tayar da mota, na kai rabin hanya, na sha kofi a wani gidan mai, na juyo. Shekara talatin da takwas na yi ina haƙar ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, dutse bai taɓa ba ni tsoro kamar ƙofar yaron nan ba. Babana bai taɓa ce mini "na yi kuskure" ba, ni ma ban san yadda ake ɗora kalmomin ba.

Yau da safe na kai wani ɗan ƙunshi gidan waya, babu wasiƙa a ciki. In ya gane, to. In bai gane ba, ko ya gane ya jefa a shara, ba zan ga laifinsa ba.

Na sa masa adireshinki a bayan ƙunshin, don in yana da tambaya ya sami wanda ya iya magana.

Naki,
Orrin

Escanaba, 7 ga Nuwamba

Misis Koskela,

Ina gaishe ki da kyau. Ni ne Wendell.

Ranar Laraba ƙunshi ya iso. Jelar jar rigar Baba ta farauta ce, wadda Mama ta saya masa, an yanke ta a karkace, da 'yar takarda maƙale da fil: "1990." Matata ta ce, "Wannan tsumman fa?" Na ce, "Baba ne ke cewa ya harba ya kuskure."

Ranar Asabar na ɗauki 'yata muka je gidansa. Ya buɗe ƙofa ya ce, "Ka yi ƙiba." Na ce, "Kai kuma ka tsufa." Ya ce, "Akwai kofi." Daga nan yarinyar ta haye cinyarsa, ba wanda ya ƙara samun damar magana.

Jiya muka je bukka, na kafa jelar a bango da ƙusa huɗu. Ita ce tasa ta farko. Ya tsaya yana kallo, ya ce na kafa ta a karkace.

Ran sha biyar muna can tare. Ya ce in kin gama da su Toivo ki biyo ta wurinmu, da rigarki cikakkiya ko guntuwa, kuma ki zo da fasti, ko da karas ɗin ne zai daure. In kin tarar muna daji ki shiga abinki. Ya canza wa makullin wuri, ya ce in gaya miki a asirce: yanzu yana cikin gwangwanin shayi.

Na gode, Allah ya saka.
Wendell Tamblyn