Kada a Yashe Rijiyar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali? Mu nan Azare lafiya, sai dai rijiyarmu.

Ruwanta yana warin sinadarin wanke inji da makanikan bayan gida ke zubarwa, har mun daina sha. Baba ya kira masu yashe rijiya. Wata ma'aikaciya da ta zo ta auna ruwan kuwa ta ce kada a tone lakar da ke ƙasan rijiyar, don akwai ƙwayoyin halitta ciki masu cinye gubar a hankali, kuma iska kashe su take. Baba ya ce, "Abin da ido ba ya gani ne zai hana ni gyara rijiyar ubana?"

Don Allah ka kira shi, maganarka kaɗai yake ji. A gaida yara, a sa mu a addu'a. Ranar Asabar masu yasar za su shiga rijiyar.

Ƙanwarka,
Hadiza