Kwana Talatin na Hamma Jibrilla

Bagadaza, Gombe
4 ga Agusta

Zuwa ga taubashina Zaharadeen, sarkin cike fom na Abuja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma tumbin nan naka ya bar maka wurin zama a bayan tebur. Mu nan lafiya lau, ruwa yana ta sauka.

Ga Alfred direba nan da ambulan. A ciki akwai fasfona, hotuna shida masu farin baya, da takardar rajistar shago da ta banki, kamar yadda ka ce. Na gaji da sayen injin ban-ruwa a hannu na uku. Manoman Dadin Kowa suna dawo mini da su tun albasa ba ta yi kai ba, ni nake shan zagi. Ina so in je ƙasar da ake ƙera su da ƙafata in ga masana'antar, in zaɓa, in dawo kafin noman rani. Bizar kasuwanci ta kwana talatin nake so, ko sati biyu ba zan cika ba.

Ka san abin da ya sa na rubuto ban kira ba. A shago ƙarar inji, a gida kunnen tsohuwata Dada, wadda ko tari ka yi a zaure ta san na wane ne. Ba ta san da tafiyar ba. Tun da yayana Hamma Jibrilla ya tafi waccan ƙasar bai dawo ba, ko sunanta ba a faɗa a gidanmu, "can" kawai muke cewa.

Takardar gayyata ce ta rage. Na rubuta wa kamfanin sau biyu, shiru. Inda fom ya tambaya ko ina da ɗan'uwa a can, ka rubuta babu.

Ka gaida Kawu. Ka huta lafiya.

Ubangidanka,
Iro

*

Abuja
9 ga Agusta

Ɗan Goggo,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso lafiya. Tumbi yana gaishe ka, ya ce ka fara gyara wuyan rigarka kafin ka shiga hoto.

Ka ce kamfanin ya yi shiru, ga shi kuwa takardar gayyatarka ta riga ambulanka zuwa. Tun Alhamis ɗin makon jiya aka kawo ta ofishina, da hatimi da komai. Na gode da ka ba su adireshina, ka rage mini aiki. Sai dai abubuwa uku sun tsaya mini a rai.

Sunanka daidai ne, Ibrahim Buba, ranar haihuwa ma daidai. Amma lambar fasfon da suka rubuta ba taka ba ce, irin lambar tsohon fasfo ce da aka daina bayarwa tuntuni. Ka taɓa yin wani fasfo a baya ne ba ka faɗa mini ba?

Na biyu, na kai wa wani mai jin yarensu ya karanta mini. Inda ake rubuta dalilin ziyara, ba maganar inji ko kaɗan. Cewa aka yi ana gayyatarka ka zo ka karɓi wurinka da aka daɗe ana riƙe maka.

Na uku, a ƙarƙashin hatimin, inda mutum yake sa hannu, babu suna. Wani ɗan zane ne da biro, kamar ganye, an tsaga shi sau biyu a gefe ɗaya, an datse bakinsa. Shekarata goma sha biyu a wannan aiki ban taɓa ganin irinsa ba.

Na kama maka ranar sha takwas ga wata don dangwala yatsu. Amma ka ba ni amsa kafin in miƙa.

Ka gaida Goggo da Adda A'i.

Naka,
Zaharadeen

*

Bagadaza
12 ga Agusta

Zaharadeen,

Salam. Ina fatan kana lafiya. Yau ba ni da bakin wasa.

Ban ba kowa adireshinka ba. Kamfanin da na rubuta wa har yanzu bai amsa ba.

Abin da ka gani ba ganye ba ne, kunnen saniya ne. Kai a birni ka tashi, shi ya sa. Tsaga biyu a gefe da datse baki, shaidar garken Baba ke nan. Hamma Jibrilla bai yi boko ba, kuma duk inda aka ce ya sa hannu, wannan yake zanawa.

Ga abin da ba ka sani ba. Shi a ruga aka haife shi, ba shi da takarda ko ɗaya. Ni a asibiti aka haife ni bayan mun zauna a Gombe. Da zai yi tafiyar, shekara ashirin da ɗaya ke nan, aka nemi takardar haihuwa, sai Baba ya ɗauko tawa ya miƙa masa, ya ce ai gida ɗaya ne, ciki ɗaya. Babu wanda ya ga aibu. Aka yi fasfo da sunana da hotonsa. Kwana talatin suka ba shi. Ya kira sau biyu, daga nan shiru.

Bayan shekara uku Alhaji Mudathir, wanda yake zuwa sarin kaya can, ya zo gida ya faɗa mana. Zazzaɓi ne ya kama shi a satinsa na uku. Musulmin wurin suka yi masa sutura, suka duba fasfo, suka sallace shi da sunan da ke ciki. Alhaji ya ga allon kabarin da idonsa. Ibrahim Buba aka rubuta.

Ka san Dada da kunyar ɗan fari irin ta mutanenmu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa, kuma ba ta tambayar labarinsa a gaban mutane. Ranar tana dama fura, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "An ce Ibrahim aka binne. Ga Ibrahim a zaune." Shi ke nan. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba. Baba ya rasu bai iya tanƙwara ta ba.

Na ji tsoro da na karanta wasiƙarka, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka miƙa takardar a yadda take. Idan suka ƙi, sun ƙi. Idan suka ba ni, zan nemi kabarin in sa a gyara allon. Da sunana ya tafi, kuma ban taɓa yi masa komai ba.

Zan iso ranar sha bakwai in Allah ya yarda. Ka huta lafiya.

Iro

*

Abuja
25 ga Agusta

Ɗan'uwana Iro,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma gida lafiya.

Biza ta fito. Na ɗauka lambar nan za ta sa a dawo mana da takardun, amma ko tambaya ba a yi ba. Shiga ɗaya, kwana talatin.

Ka tuna ranar dangwala yatsu na'urar ta ƙi karɓarka har sau uku, matar ta ce ka murza hannunka don ya yi sanyi da yawa, alhali gumi kake yi. Na yi maka dariya a lokacin. Yanzu na daina.

Da na dawo ofis na buɗe fasfon. Iro, hoton da ke jikin bizar ba naka ba ne. Saurayi ne, ba furfura ko ɗaya a gemunsa, da tabon ƙaho a girar hagu. Na san tabon nan, na Hamma Jibrilla ne. Shi ya koya mini tatsa da na zo hutu ina aji uku, na tambaye shi, ya ce wata karsana ce ta gaishe shi. Na ce ko idona ne, sai na nuna wa Selina da muke ofis ɗaya ba tare da na ce mata komai ba. Ta duba hoton gaban fasfo, ta duba na biza, ta ce, "Wannan ɗansa ne?" Na ciro ragowar hotunanka huɗu daga durowa, duk kai ne, da karkataccen wuyan rigarka.

Ni na liƙa hotonka a fom da hannuna.

Mun yi shekara arba'in muna zagin juna, yau roƙonka nake. Kada ka je. An ce ka zo ka karɓi wurinka, kuma wuri ɗaya ne a can yake ɗauke da sunanka. Na kulle fasfon a durowa, makullin yana aljihuna. Ba zan ba Alfred ba.

Ka yi haƙuri da ni.

Naka,
Zaharadeen

*

Bagadaza
28 ga Agusta

Zaharadeen,

Salam. Fasfona ne, ba gadon Kawu ba. Ka ba Alfred gobe.

Kana ganin zama a nan shi ne tsira. To ka ji yadda zaman yake. Ranar Litinin da rana tsaka Adda A'i ta zo gida, ta ce ta wuce ni a zaure ina zaune a kan tabarma na juya baya, ta gaishe ni ban amsa ba. A lokacin ina shago da mutum uku a kaina. Ranar Talata wani manomi da ya san ni shekara goma ya shigo, ina tsaye a gabansa, ya leƙa bayan kanta ya yi sallama sau biyu, ya fita yana cewa ba kowa. Jiya a sallar azahar aka tsaya sahu, na gefena ya matso ya haɗa kafaɗa da na ɗaya gefen, sai na tsinci kaina a baya ni kaɗai. Bai ture ni ba. Wucewa kawai ya yi ta inda nake.

Dada kuma ta fara zuba tuwo a kwano biyu. Ɗaya ta ba ni, ɗaya ta ajiye a zaure. Da yamma ana ɗauko shi a wanke.

Yau da safe na faɗa mata komai, daga biza har zanen kunne. Ta daɗe tana kallon hannuna. Ta ce, "Kai ma kwana talatin suka ba ka?" Na ce e. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ban ji haushin Hamma Jibrilla ba, Zaharadeen. Shekara ashirin da ɗaya yana kwance a ƙarƙashin sunan wani, duk addu'ar da ta isa wurin ba tasa ba ce. Ni ma da ni ne, da na gaji. In ban je ba, ina jin a nan ɗin ma ba zan daɗe ana ganina ba. Na yanki tikiti na ranar uku ga wata.

Ka yafe mini duk abin da na yi maka.

Iro

*

Bagadaza
30 ga Agusta

Ɗana Zaharadeen,

Goggonka ce take magana, A'i tana rubutawa. Ina gaishe ka, ina gaida mahaifinka da yaranka. Allah ya yi maka albarka da ka riƙe littafin tafiyar nan. Ka ci gaba da riƙewa.

Laifin ba na Iro ba ne, ba kuma na takarda ba ne. Nawa ne. Ranar da Alhaji ya kawo labarin na san gaskiya ya faɗa, tun kafin ya zauna na sani. Amma da aka ce sunan ƙaramin ne a kabarin, sai na samu wurin ɓuya. Na ce in dai ban faɗa ba, bai mutu ba. Mutane suka ɗauka kunya ce, har suna yabona. Ba kunya ba ce, tsoro ne. Na bar yarona a ƙasar mutane babu mai kiransa, ga shi yanzu zai ja mini ɗayan.

Jiya Juma'a na sa an dafa abinci, na aika aka kira liman da maƙwabta bayan la'asar. Suka cika zaure har waje. Liman ya tambaya wa za a yi wa addu'a. Iro ya buɗe baki, na ce ya yi shiru. Na fito bakin ƙofa inda kowa zai ji, na ce Jibrilla ne. Jibrilla ɗan Buba, ɗana na fari, wanda na haifa a ruga da damina. Ya rasu, ku roƙa masa gafara. Sau uku na faɗa, don na farkon bai fita da kyau ba.

Na yi kukan da ban yi ba. Yanzu ka buɗe littafin ka duba, ka faɗa mana abin da ka gani.

Allah ya tsare ka.

Goggonka

Zaharadeen, ni ce A'i, wannan Dada ba ta ce in rubuta ba. Shekararsa arba'in da shida da haihuwa, jiya na fara jin sunan a bakinta. Da ta faɗa na ukun, an amsa. "Na'am, Dada." Daga ƙuryar zaure, inda ake ajiye kwanon. Liman ya ji, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da addu'a. Yau kwanon yana nan da tuwonsa ba a taɓa ba. Iro yana shago, mutane suna ganinsa.

*

Abuja
1 ga Satumba

Iro,

Assalamu alaikum. Ka karanta wa Goggo wannan.

Na buɗe durowa da safen nan, makullin bai bar aljihuna ba tun ranar da na kulle. Hoton bizar naka ne, har wuyan rigar. Ƙarƙashin hatimin takardar gayyata fari fat, babu zane.

Amma ka mayar da tikitinka, bizar ba za ta yi maka amfani ba, an riga an yi aiki da ita. A shafin da ke kallonta akwai tambarin filin jirginsu, tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba. Babu na shiga. Tambarin fita ne kaɗai, na ranar ashirin da tara ga Agusta, Juma'ar da aka yi addu'a.

Injinanka za mu sake nema daga farko, in ka yarda ka sake hoto. Ga fasfon nan a hannun Alfred.

Ka ce wa Goggo ɗanta na fari ya fito.

Naka har kullum,
Zaharadeen