Kifin da Ya Yi Motsi a Kan Burodin Baba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan alhamdu lillahi. Mama sai ciwon gwiwar nan da kika sani, Yaya Babba kuma yana nan da gardamarsa, ko kaɗan ba ta ragu ba.

Kin san tun da aka sallamo Baba daga asibiti yake gaba da abinci. Cokali biyu, sai ya ture kwano ya juya wa mutane baya. Abin da na ɓoye miki shi ne, likita ya ce idan aka auna shi ranar Alhamis aka ga ya ƙara ramewa, za a mayar da shi gado a sa masa robar abinci ta hanci. Baba kuwa ya rantse ba mai sake kwantar da shi a can. Ana cikin haka kwalinki ya iso, kuma gaskiya haushinki na ji da na buɗe. Na ce mutum ya ƙi abincin da ya saba, sai ki aiko min da kayan haɗa burodi da sosej irin na Japan? Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Na bi takardar bayanin da kika sako a kwalin layi-layi. Na tsattsaga sosej ɗin naman sa na soya, na zuba baƙin romon nan mai zaƙi har ya yi ƙyalli. Na gasa dogon burodi guda biyu da ɗan bota, na shimfiɗa yankakken kabeji, na ɗora sosej, na zizara mayonis, na yayyanka baƙin ganyen tekun da almakashi yadda kika ce. Sai na ƙarshe, busasshen kifin nan da aka fere kamar ɓawon albasa. Auta, Allah Ya shirye ki! Me ya hana ki rubuta cewa motsi yake yi? Ina barbaɗawa ya hau lanƙwashewa yana miƙewa. Na kurma ihu na ce tsutsa, Mama ta shigo da salati tana cewa in zubar tun kafin su cika mana kicin.

Ina riƙe da farantin a kan kwandon shara sai muka ji ƙarar sanda. Baba ne a bakin ƙofa, mutumin da ya yi sati uku ko falo bai leƙo ba. Ya ce in miƙo masa. Ya tsinci feren kifin guda ɗaya ya ɗaga wajen hasken taga, kamar yadda yake yi a shagonsa na kafinta. Sai ya yi dariya, ya ce tururi ne kawai, duk abin da aka fere ya yi shara-shara haka dole ya motsa in zafi ya taɓa shi. Ya ce shekara arba'in yana fere katako bai taɓa fitar da irin wannan ba, kuma aikin gwani ba a zuba shi a shara. Ya ja kujera ya zauna, wai zai ɗanɗana ne don girmama mai aikin. Ya cinye ɗaya tas, mayonis har gemu, ya nemi rabin nawa. Na shige bayan ƙofa na sha kukana.

Tun ranar kullum sai na yi, shi yake barbaɗa kifin da hannunsa, sauran abinci ma ya fara shiga. Jiya Alhamis aka auna shi. Likita ya duba ma'aunin sau biyu, ya ce mu koma gida. Na gode, ƙanwata, na gode. Ki yafe min haushin da na ji, Allah Ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka.

Ki gaida maigidanki da 'yan biyu da surukarki. Mama da Yaya Babba suna gaishe ki. Baba kuma ya sa an ciro masa ƙarfen fere katakonsa, yanzu haka yana zaune a baranda yana wasa bakin ƙarfen. Ya ce in gaya miki, nan gaba ki aiko da kifin dunƙule, shi zai fere da kansa.

Taki har kullum,
Yayarki