Titin da Mota Ba Ta Bi

Gwarinpa, Abuja.
12 ga Oktoba, 2015.

Zuwa ga ɗana Muhyiddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya sa albarka a karatun da ya kai ka Sifen, Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Mahaifiyarka ta zo daga Zariya makon jiya ta yi mana kwana uku, ƙafar nan tata ta yi sauƙi, har kasuwar Wuse ta shiga da kanta. Ƙanwarka Sumayya ta fara bautar ƙasa a wani ofishi a Garki, ita ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka, don na lura a waya amsarka ba ta wuce “to Kawu”.

Ka san kawunka. Na shigo Abuja a 1991 da famfo ɗaya da gwangwanin faci, na zauna ƙarƙashin wata bishiya a Wuse ina gyaran kekunan leburori. Takardar sakandare kaɗai gare ni, ita ma ba wanda ya taɓa cewa in nuna masa. Daga gindin bishiyar nan na kama shago, yau uku ne, ba keken da za ka ambata ban sayar da irinsa ba. Na gina gidan nan, na sauke farali sau biyu, yara huɗu sun gama jami'a, kuma ba ɗan'uwa ko oga da zai ce ya ɗora ni. Ban saba tambayar kowa yadda ake yin abu ba. To yau ga ni zan tambaye ka, sai ka san maganar ba ƙarama ba ce.

Hotunan nan da ka aiko na hutun da kuka yi kusa da Bahar Rum, na kalle su ya fi sau talatin. Ka ce tsohon layin dogo ne aka cire ƙarafunan, aka gyara shi ya zama hanyar masu keke zalla. Na ga itatuwan zaitun hagu da dama, na ga wata gada mai tsawo, na ga inda hanyar ta huda dutse ta shige da fitilu a ciki. Amma abin da ya tsaya mini a rai wata tsohuwa ce mai furfura, a bayanka, tana tuƙa keke da burodi a kwando, ko waiwaye ba ta yi. Shekara ashirin da huɗu ina sayar da keke, ban taɓa ganin wanda ya hau titi a garin nan bai yi ta waiwaye ba.

Ga dalilin damuwata. Farkon shekarar nan likita ya ce suga da hawan jini sun kama ni, lallai in motsa jiki. Sai na koma kan keke, wanda rabona da shi tun da na sayi mota. Muka riƙa fita da safe ni da maƙwabcina Thaddeus, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Ranar zaɓe, da aka hana motoci fita, bayan mun jefa ƙuri'a muka zagaye unguwar nan kaf a tsakiyar titi, har ƙarar sarƙar kekena nake ji. Ban taɓa sanin haka iskar Abuja take ba. Amma a watan Agusta wata tasi ta kwashe Thaddeus a gabana, ya karye a ƙugu, har yanzu da sanda yake tafiya. Tun ranar matata Batulu ta sa wa kekena sarƙa da kwaɗo, ta ce ba zan sake hawa titin da mota ke bi ba, ita ba ta shirya takaba ba. Wata biyu ke nan ina zaune. Makon jiya likita ya ce sugan ya hau, in bai sauka ba kafin ƙarshen shekara allura zai ɗora ni a kai. Ni kuwa tafiyar ƙasa gwiwata ba ta ɗauka.

To da na ga hotunanka sai na ce ai abin da Bature ya yi ni ma zan iya. Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar asuba, na kwaso bencina shida na tare bakin layinmu ta nan da ta can, na ari keke daga shago, na sa hular kwano na fara kai da kawowa. Abin da ban tuna ba shi ne, a wurinmu in aka tare layi da benci da sassafe, ba rumfa ba kiɗa, rasuwa aka yi. Kuma kowa ya san ni ne marar lafiyar layin. Kafin ƙarfe bakwai mutane sun zauna a kan bencinan sun yi jugum, wani har ya aika a kira liman. Madam Clara, matar Thaddeus, ta ɗaura baƙin ɗankwali ta shiga wurin Batulu da kuka. Ni ina can ƙarshen layi ina juyawa, na wuce su sau biyu ba wanda ya gane ni cikin hular. Da na tsaya na cire ta in tambayi wa ya rasu, Madam Clara, da fitowarta ke nan daga gidana, ta zauna daɓas a ƙasa. Da ta dawo hayyacinta ta ce in zan mutu in mutu sosai, in daina wahalar da maƙwabta. Batulu kuwa kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Kunyar ta zo da alheri. Shugaban ƙungiyar mazauna unguwa ya kira ni, bayan ya gama dariya ya ce in zo taron ranar 31 ga wata in yi bayani. In na kawo shaidar cewa ana yin haka a wani wuri, za su gwada rufe layi uku kowace Asabar daga ƙarfe shida zuwa takwas. Batulu ta ce ranar da aka rufe, ranar za ta ba ni makulli.

Saboda haka ina son ka koma hanyar nan da ƙafarka, ba ka duba a waya ba, ka samu wani dattijo na wurin ka tambaye shi. Me ke hana mota shiga? Na ga wasu gajerun turaku a bakin hanyar, su kaɗai ne, ko akwai mai gadi da bai fito a hoto ba? Da gaske allo kawai ake kafawa mutane su bi, har da manya masu jiniya? Mai babur fa, ai zai iya kurɗawa tsakanin turakun, me ake yi masa? Manoman zaitun ɗin ta ina suke fitar da kayansu? In wani ya faɗi ko mace ta fara naƙuda, ta ina motar asibiti ke shiga? Wannan ita ce tambayar da na san matan layinmu za su fara yi. Da aka fara, mutanen garin sun yi gardama, kuma wa ya shawo kansu? Sai wadda nake yi don kaina: in an shiga cikin dutsen nan sanyi ake ji ko zafi, kuma tayoyinsu ba sa faci ne? Ban ga mai faci ko ɗaya ba a hotuna goma sha bakwai. Ka ɗauko mini hoton allon da turakun daga kusa, ka auna tsakaninsu da taku.

Ka gaida matarka Halimat da kyau, ka shafa mini kan Nazeer. Batulu da Sumayya da Umar Farouk suna gaishe ku, Thaddeus ma ya ce in gaishe ka, wai ka tambaya masa ko akwai keke mai ƙafa uku na manya.

Abu na ƙarshe. James sakataren ƙungiya ya nuna mini takardar taro, na ga ya rubuta wai “wani mazaunin unguwa” ne ya kawo shawarar rufe layi. Na sa ya goge a gabana. Kai ma amsarka a gaban jama'a za a karanta ta, kuma a fayil za a ajiye ta. Saboda haka kada ka rubuta “Kawu” a sama. Ka rubuta Alhaji Sale Datti Mai Kekuna, da manyan baƙaƙe, ka kuma faɗa a layin farko cewa shi ne ya fara tambaya. Ta iso kafin 31 ga wata.

Wassalam. Ni ne kawunka,
Alhaji Sale Datti Mai Kekuna.